Wata 29 Ina Jiran Shari'ar Da Ba A Taɓa Farawa Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne, da keken ɗinki nake ciyar da iyalina. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin ba ƙarar wani na kawo ba. Tun da na fito daga gidan yari a 2022 nake danne wannan labari a cikina. Abin da ya sa na buɗe baki yanzu shi ne ɗan maƙwabciyarmu da aka kai can watannin baya. Na ga uwarsa tana yawo daga wannan ofis zuwa wancan da kwanon abinci a hannu, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Innata na gani a jikinta.

Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare. Inna ce ta riƙe mu, mu huɗu, da tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ni ke kai mata markaɗe kafin a kira assalatu. Da na ɗan tasa sai kawuna ya ɗauke ni shagonsa, na fara da guga da sa maɓalli, sannan aljihu, sannan wuya. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa kafin ya yaye ni, ya ba ni tsohon kekensa Butterfly ya sa mini albarka. Na kama ɗan shago, na yi aure a 2018. Ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, ko da raka wani.

A watan Satumba na 2019 na ga masu kawo ɗinki sun koma turo samfuri ta WhatsApp, ni kuwa ƙaramar waya gare ni. Wani yaro da nake gani a bakin kasuwa ya nuna mini babbar waya, ya ce matsuwa ce ta sa zai sayar. Naira 28,000 na ba shi. Ba kwali, ba rasit, ba shaida. Zuciyata ta ɗan yi mini nauyi a lokacin, na danne ta. Hausawa suka ce araha ba ta ado, ni kam na ga bayanin wannan magana da idona.

Bayan mako uku wasu mutane cikin farin kaya suka tsaya a ƙofar shagona. An bi sawun wayar, ashe da bindiga aka ƙwace ta, har an ji wa mai ita rauni. Na kai su inda yaron yake zama, ya yi layar zana. Kwana 11 na yi a bayan kanta, sannan aka kai ni kotun majistare. Aka karanta tuhuma: haɗa baki da fashi da makami. Na ɗaga hannu zan yi bayani, aka ce in sauke, wai kotun ba ta da hurumin sauraron irin wannan laifi. Za a ajiye ni ne kawai har lauyoyin gwamnati su duba fayil su ba da shawara. Duka zaman bai kai minti biyar ba. Na waiwaya na ga Inna ta dafa bango, matata kuma da cikin wata shida tana toshe baki da mayafi.

'Yan watanni kafin ranar, a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali. A ciki kuwa ban ji wanda ya kira shi haka ba. Gidan yari ne, ko gidan maza.

Ta wata 'yar ƙofa da ke jikin babbar ƙofa ake shiga, dole ka sunkuya. Aka caje ni, aka rubuta sunana, aka tura ni ɗakin masu jiran shari'a. Abin da ya fara dukana wari ne, warin gumi da fitsari da ciwo a haɗe, wanda har yau in na shiga bayan gidan tasha sai gabana ya faɗi. Ɗakin, a ganina na tela mai awo, bai wuce na mutum 20 ba. Daren farko na ƙirga 73. Kowa da gurbinsa. Wanda ya daɗe ko mai ɗan abin hannu yana kusa da taga. Sabon zuwa kuwa wurinsa gefen bokitin da ake biyan buƙata a ciki in an kulle, kuma shi zai fitar da shi da safe. Wata huɗu na yi a wurin. A gefe ɗaya ake kwanciya, an jera mu kamar rake a bayan mota, ƙirjin wani a bayanka, gwiwarka a bayan wani. In ka tashi fitsari da dare, kafin ka dawo gurbinka ya haɗe, sai ka tsuguna har asuba.

Lokacin zafi, wajen Maris da Afrilu, bango kansa gumi yake yi. Mutane na suma, a ɗaga su sama a miƙa su hannu da hannu zuwa bakin taga. Lokacin hunturu kuma siminti ya zama ƙanƙara. Kuɗin cizo da kwarkwata ba su da lokaci. Ƙazuwa kuwa ba wanda ta bari. Ka ji ɗaki gaba ɗaya ana susa cikin duhu, ƙarar kamar ana kankare tukunya. Tabonta na nan a tsakanin yatsuna.

Abinci shi ne gabza, tuwon da ba ya tsayawa a hannu, da miyar da kana hango gindin kwano ta cikinta. Da safe wake ne tsululu, wani lokaci da ƙwarinsa. A wancan lokacin Naira 450 gwamnati ke ware wa kowane ɗaurarre a rana, na ci uku. Daga baya aka mai da shi 750, sannan 1,125. Duk mai zuwa cefane ya san abin da wannan kuɗi zai saya. Wanda ake kawo wa abinci daga gida shi ne mai rai. Wanda danginsa ke nesa, ko ba su ma san inda yake ba, sai ka ga ƙafafunsa sun kumbura, fatarsa tana saɓulewa.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne, mai jiran shari'a ya fi wanda aka yanke wa hukunci shan wuya. Wanda aka ɗaure yana fita aiki, yana zuwa kicin, yana shiga wurin koyon sana'a, yana shan iska. Mu kuwa a buɗe mu a ƙirga, mu ɗan ga rana, a mayar a kulle. Daga tagarmu ina jiyo ƙarar keken ɗinki a ɗakin koyon sana'a, ƙafata tana motsi da kanta. Kuma shi ɗaurarre ya san ranarsa, yana rage ta kullum. Wallahi akwai daren da na roƙi Allah a yanke mini ko shekara biyar ce, in dai zan san ƙarshenta, alhali ban yi laifin ba.

Ɗakin yana da tasa gwamnatin: shugaba, alƙali, masu tsawatarwa, liman. Akwai zalunci a cikinta, don sabon zuwa sai ya sayi wuri, sai ya sayi ruwa. Amma ba don ita ba da an kashe juna. Muna jam'i sahu a matse, sujada a bayan na gaba. Kiristocin cikinmu su ma in lokacin addu'arsu ya yi a yi musu shiru. Gandirobobi kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai mai zagi da duka, akwai mai karɓar na goro kafin ya kira ka ganin baƙo. Akwai kuma wani dattijo da yake sayo mana Panadol da kuɗin aljihunsa. Shi ya ba ni allura da zare a ɓoye, nake yi wa mutane faci suna ba ni ƙuli-ƙuli ko garin kwaki. Ya taɓa ce mini, "Tela, mu ba mu ke kawo ku ba, ba kuma mu ke da ikon sakinku ba. Takarda ta kawo ka, takarda za ta fitar da kai."

A nan na haɗu da wani tsoho da kowa ke kira Baba. Manomi ne, rikicin gona aka yi a ƙauyensu har aka rasa rai, aka kwashe duk wanda aka samu. Shekararsa shida a ɗakin. Yana da wata 'yar takarda a ƙulle cikin leda a bakin wandonsa, ranar da aka kawo shi ce a rubuce, don kada ya manta. Shi ya matsa mini gefen tabarmarsa da na bar wurin bokiti. Wata rana yana tari ya ce, "Ɗana, a gidan nan ba sanda ke kashe mutum ba. A manta da kai, shi ne mutuwar."

Da farko ana kai ni kotu, a ce shawara ba ta fito ba, a ɗage. Sai aka fara cewa babu mota, ko babu mai. Daga nan sunana ya daina fitowa a jerin masu zuwa kotu kwata-kwata.

Matata ta haihu a Janairun 2020. Aka yi suna ba ni. Da ta yi arba'in ta kawo mini jaririyar, na gan ta ta cikin ragar waya, na zura ɗan yatsa ɗaya na taɓa tafin ƙafarta. Ban sake ganinsu ba sai bayan watanni, domin a ƙarshen Maris cutar korona ta sa aka hana ziyara. Abincin gida ya yanke. A Afrilu muka ji an yi wa fursunoni 2,600 afuwa a faɗin ƙasa, ɗaki ya ɗauki kabbara. Ba a kira ko mutum ɗaya daga cikinmu ba, saboda afuwar ta waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ce.

Inna ta rasu a cikin azumin shekarar. Sai bayan Sallah na ji, daga bakin dattijon gandiroban nan. Ya kira ni gefe ya ce, "Tela, sai haƙuri." Daga baya na samu labarin ta sayar da awakinta biyu da kaskon tuyarta ta ba wani mutum da ya ce zai motsa fayil ɗina, ya karɓe ya ɓace. Ban yi mata wanka ba, ban ɗauki makararta ba, ban nemi gafararta ba. Na koma gurbina na juya fuska bango. Ko wurin yin kuka babu, don bayan wani ne a gabanka. Kwana uku ban ci ba. Baba ne ya riƙa jiƙa gari yana ɗura mini kamar yaro, yana cewa, "Ci, ɗana. Addu'arka take jira, ba gawarka ba."

A 2021 ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aiki tun daga Afrilu har Yuni. Kotuna a rufe, amma kamawa ba ta tsaya ba.

Yanzu bari in zo kan baƙi, don saboda su na ɗauki alƙalami. Baƙi suna zuwa gidan yari, kuma mukan san da zuwansu tun saura kwana uku. Za a shafa farar ƙasa a bangon da ke kallon ƙofa, a wanke kwata, a yayyafa maganin wari. A fito da sababbin barguna, a mai da marasa lafiya ɗakin baya. Ranar sai ka ga tsoka a miya. Baƙi su shigo da rakiya, su tsaya a tsakar gida, wani ya ɗaga murya: "Akwai mai matsala?" Manyan gida na tsaye a bayansa, mu kuma tun daren jiya an gaya mana baƙo raɓa ne. Wa zai yi magana? A raba sabulu, a ɗauki hoto, su tafi. Kafin magariba an tattara bargunan. Ba na cewa mugaye ne, sabulun ma ya yi mana rana. Amma abin da aka shirya musu suka gani, shi suka kai gaba.

Sai wata Talata a Nuwamban 2021. Ba farar ƙasa, ba tsoka. Muka ji ana buɗe ƙofarmu ba lokacin buɗewa ba. Mutum uku ne: wata lauya mai kimanin shekarun yayata, da likita, da wani saurayi riƙe da babban littafi. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta shigo har tsakiya, ta tsallake ƙafafunmu, ta je ta tsaya a kan bokitin nan ta dube shi. Na ga idonta ya kawo ruwa saboda wari, amma ba ta toshe hanci ba. Ta ƙirga mu da kanta. Sannan ta sa aka ajiye benci a gindin bishiya, ta ce wa jami'in da ke biye da ita cikin ladabi, "Yallaɓai, don Allah ka ɗan ba mu wuri." Ya ja baya inda yana ganinmu amma ba ya jinmu.

Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kira. Da aka zo kaina ta ce, "Malam, zauna." Shekara biyu ba wanda ya ce mini Malam, ba wanda ya ce in zauna. Tambayoyinta gajeru ne: wace kotu, yaushe rabonka da ita, kana da lauya, mene ne lambar ƙararka. Na ce, "Ranki ya daɗe, ban san ƙara tana da lamba ba." Ta aika saurayin ofishin ajiyar takardu ya ɗauko takardar tsare ni. Ta duba ta juya bayanta, ta ce rabon da alƙali ya sa hannu a kanta tun Maris na 2020. Ta rubuta sunana da na mahaifina da lambar, ta kuma rubuta mini lambar a wata 'yar takarda ta ce in riƙe. Likitan kuma ya sa abin awo a ƙirjin Baba, ya ce tarin fuka ne, a fitar da shi daga cikinmu yau ɗin nan.

Da suka tafi aka ce raɓa ce ita ma. Ni ma haka na ɗauka. Bayan mako uku sai ga ta ta dawo, da littafin nan, ta buɗe shafin da ta tsaya. Wannan dawowar ita ce ta bambanta ta da duk wanda ya taɓa zuwa. Har gandirobobi sai da suka canja, don sun ga wannan idan ta tambaya za ta sake tambaya. Aka rage mutum 15 daga ɗakinmu, aka fara barinmu a waje har azahar.

Ta ce mini ta bi fayil ɗina. Shawarar lauyoyin gwamnati ta fito tun Agustan 2020, kuma cewa ta yi babu hujjar tuhumata da fashi. Takardar tana kwance cikin wata durowa, ba wanda ya kai ta kotu. Wata 15 ke nan a lokacin. Na rasa abin da zan ce. Ba murna na ji ba, wani abu ne ya tokare mini maƙogwaro, na tuna duk daren da na kwana a tsugune bayan an riga an wanke ni.

Baba bai ga ƙarshen abin ba. Sunansa na cikin littafin, an kai shi asibiti, amma ciwon ya riga ya ci shi. Ya rasu cikin sanyin Disamba. Takardarsa ta cikin leda tana wurina.

A Maris na 2022 Babban Jojin jiha ya kawo ziyara, irin wadda doka ta ba shi ikon sallamar wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Aka kafa tebur a tsakar gida. Lauyar ta miƙe ta karanta lambata. Aka yi 'yan tambayoyi, aka ce an sallame ni. Shi ma bai kai minti biyar ba.

Na fito na tarar an ba wani shagona, an sayar da keken kawu an ci abinci. 'Yata mai shekara biyu ta gan ni ta ruga bayan uwarta tana kuka. Wasu abokai suka riƙa sauya hanya, don a wurinsu wanda ya shiga gidan yari ɓarawo ne, ba ruwansu da yadda ya fito. Matata ta yi haƙurin da ba zan iya biyanta ba; danginta sun matsa ta nemi a raba auren, ta ƙi. Na koma ɗinki a shagon wani ana biyana kan kowace riga, shekara guda da rabi kafin na sake mallakar keke. Har yanzu a gefe ɗaya nake barci ko da gadon ni kaɗai ne.

Bayan na fito ne na riƙa tambaya, na gane ashe abin da matar nan ta yi ba alfarma ba ce, a rubuce yake. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta sa wa takardar tsarewa wa'adin kwana 14, sabuntawar ma tana da iyaka, jihohi kuma sun yi irin tasu. Dokar 2019 ta ce in gida ya cika ya wuce ƙima a sanar da Babban Joji, in ba a ɗauki mataki ba mai gidan yana iya ƙin karɓar sababbi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a Disamban 2015 ta amince da ƙa'idojin da aka sa wa sunan Nelson Mandela, wanda shi kansa ya yi shekara 27 a ɗaure. A ciki an ce masu duba gidan yari daga waje su zo ba tare da sanarwa ba, su zaɓi wanda za su gana da shi da kansu, su gana a keɓe. Abu uku ke nan, kuma su ukun na gani a ranar Talatar nan. Duk da haka har yau kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne. A 2023 an biya wa mutum 4,068 tara an sake su, na yi musu murna ƙwarai, amma na san mutanen ɗakinmu ba sa ciki, don wanda ba a yanke wa hukunci ba ba shi da tarar da za a biya masa.

Shi ya sa da na ga maƙwabciyarmu da kwanon abinci na tsayar da ita. Na ce, "Umma, kada ki ba kowa ko sisi don ya motsa fayil." Na rufe shago muka tafi kotun da aka fara kai yaron, muka zauna a wurin magatakarda har ya ba mu lambar ƙara. Daga nan muka je ofishin hukumar da ke ba talaka lauya kyauta, wadda gwamnati ta kafa tun 1976, muka kuma kai takardar koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ba a gama ba, yaron yana ciki, wata na bakwai ke nan. Lambar tana rubuce a bangon littafin da nake awon kaya, a ƙasan ta Baba. An sa ranar Litinin mai zuwa za a fito da shi kotu, na riga na gaya wa masu ɗinki kada su zo ranar.